Ranar da Naman Watanda Ya Shure Ni

Ba zan taɓa mantawa da azumi na ashirin da takwas na waccan shekarar ba, kuma ko na so in manta, mutanen Kurugu ba za su bar ni ba. Har yau idan na ratsa ta gaban teburin Mamman mahauci sai ya ɗaga wuƙarsa sama ya ce, "Malam Tsoka Zalla, an fito?" Ni kuwa amsawa nake yi, don na lura ƙin amsawar ƙara masa ƙarfi yake yi.

Ni haifaffen cikin birnin Kano ne. Aiki ne ya kai ni Karaye, inda nake koyar da darasin noma da kiwo a wata makarantar sakandare (ka riƙe wannan a ranka, mai karatu, zai dawo ya same mu a gaba). A can na haɗu da Rabi, 'yar Kurugu, muka yi aure. Kafin ranar da nake ba ka labari, iyakar hulɗata da saniya ita ce in zana ta a allo, in raba cikinta ɗaki huɗu, in sa yara su haddace sunan kowane ɗaki. Zanen nawa kuwa ba laifi, har malaman wasu azuzuwa kan leƙo su yaba.

Surukina, Baba Sale, manomin dawa da gyaɗa ne, kuma shi ne jagoran watandar unguwarsu. Gida goma sha huɗu ne suke haɗa hannu duk ƙaramar Sallah a sayi sa guda, a yanka ranar jajiberi, a kasa kowa ya ɗauki kasonsa. Tun Rabi tana goye ake yin haka, ba a taɓa jin an yi rigima ba.

Matsalata da Baba ita ce ba ya yi mini magana. Ba faɗa muka yi ba. Shekara biyu da aurenmu, bai taɓa kallon idona ba, bai taɓa kiran sunana ba. Idan na durƙusa na gaishe shi, bango yake kallo ya amsa. Ina zaune a gabansa, gwiwata ta kusa taɓa tasa, zai juya wajen wani ya ce, "A faɗa wa Malam ya gyara zama, rana ta iso shi." Rabi ta sha faɗa mini cewa kunyar surukuta ce, kuma girmamawa ce, haka ake yi a wajensu. Amma ni da na taso ina ganin abokaina suna kallon ƙwallo da surukansu a falo ɗaya, zuciyata ta ƙi yarda. Gani nake ya ɗauke ni ɗan boko wanda bai iya komai ba sai riƙe alli. Babu abin da nake so a lokacin kamar ranar da Baba zai dube ni ido da ido ya ce na iya wani abu.

To, ana cikin azumin nan sai na faɗa kallon wasu bidiyoyi a waya. Wani mutum mai farar riga yana bayanin cewa yawancin shanun kasuwa magungunan ƙiba ake ɗura musu, nama mai lafiya kuwa sai na dabbar da ta ci ciyawa ta yi yawo a daji, kuma mai hankali kai tsaye yake zuwa wajen makiyayi ya saya, ba ruwansa da dillali. Na kalli ɗaya, na kalli biyu, kafin kwana uku na ji a jikina na zama masani.

Ranar nan bayan an sha ruwa, ana zaune a ƙofar gidan Baba ana maganar watandar bana, sai na gyara murya. Wallahi har yanzu idan na tuna sai in ji kamar in shige ƙasa. Na yi wa dattawan nan lacca. Na yi musu bayanin illar naman kasuwa, na faɗa musu cewa lokaci ya yi da za su waye su riƙa zuwa ruga da kansu, na kuma rufe da cewa in za a ba ni dama, bana ni zan zaɓo san da za a daɗe ana labarinsa. Wani tsoho ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi Baba, ya mayar da bakinsa ya rufe. Baba kuwa ya juya wajen Mamman mahauci.

"To, a faɗa wa Malam bana shi zai zaɓa."

A guje na koma gida. Rabi tana kishingiɗe a tsakar gida tana fifita, cikinmu na fari wata bakwai, ƙafafunta duk sun kumbura. Na zayyana mata yadda na burge mutane. Ta daina fifita.

"Malam, ai dama daga ruga Baba yake saya. Wajen Malam Buba na Beli. Tun ban yi wayo ba bai taɓa sayen san watanda a kasuwa ba."

"To ai sai a gyara yadda ake zaɓen," na ce.

"Don Allah idan kun je ka bar Mamman ya yi magana."

(Na ji maganar sarai. Ban dai bar ta ta shiga ba.)

Na yi shiri kamar mai zuwa jarrabawa. Na rubuta alamomin dabba mai nama a takarda: faɗin baya, cikar kwiɓi, sheƙin fata, natsuwa. Na ɗauki tef ɗin awo na keken ɗinkin Rabi na cusa a aljihu. Na sa farar shadda da takalmi sau-ciki, don a ganina wanda ya je ciniki a tsaftace ba a raina shi.

Da sassafe muka kama hanyar Rogo a kan babura biyu. Ni ne mai babur sabo, amma Baba bayan na Mamman ya hau, wanda sai an tura yake tashi, don ba zai yiwu ya zauna ya riƙe kafaɗar mijin 'yarsa ba. Haka na bi su a baya ni kaɗai, ina maimaita abin da na rubuta.

Ruɗewata ta fara ne tun daga bakin rugar. A bidiyo, shanu ne jibga-jibga a cikin ciyawa kore shar. Nan kuwa tsakiyar bazara ce, gonaki sun zama fili, ba abin da ya rage sai guntayen kara. Shanun farare ne dogaye, ƙahoni zaƙo-zaƙo, suna tsaye suna kallona kamar sun san abin da ya kawo ni. Ko ɗaya ban ga mai kama da na cikin wayata ba. Na fito da takardata na duba, na sake duba shanun, na mayar da ita aljihu.

Malam Buba ya fito, siririn dattijo mai sanda a kafaɗa. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar wani gawo, aka fara gaisuwa. An tambayi gida, an tambayi iyali, an tambayi azumi, an tambayi zafi. Da aka gama, sai aka sake ɗaukowa daga farko. Daga nan aka shiga labarin wata rijiya da ta ƙafe, aka koma kan ƙafar wani da ta karye a bara, aka yi hasashen ranar da ruwan farko zai sauka. Na duba agogo, an kusa awa guda, ba wanda ya ambaci sa. Na fara tunanin ko sun manta abin da ya kawo mu ne, ko kuwa ni ne ban fahimci cewa ziyara kawai muka zo ba. Sai na ga ya kamata wani ya ɗauki ragamar zancen.

"To Malam Buba, yanzu shanu nawa ne gaba ɗaya a garken nan?"

Mamman ya taka mini takalmi da ƙarfi. Baba ya yi tari. Malam Buba ya yi murmushi ya dubi sama ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam." Na jira ya faɗi adadin, bai ƙara komai ba. (Daga baya na ji cewa tambayar makiyayi yawan shanunsa daidai take da ka tare mutum a hanya ka ce ya zazzage maka aljihunsa. A lokacin kuwa ɗauka na yi bai ji ni da kyau ba, har na so in maimaita.)

A ƙarshe dai aka tashi. Malam Buba ya kai mu wajen wani turke inda aka ɗaure wani farin sa, dogo, mai tozo a tsaye. Mamman ya zagaya shi sau biyu, ya matsa gindin wutsiyarsa, ya shafa ƙirjinsa, ya kama cinyarsa ya jijjiga, ya gyaɗa kai. Baba ma ya gyaɗa kai. Malam Buba ya gyaɗa kai. Kowa ya gyaɗa kai ban da ni, don ni ban ga abin gyaɗa kai ba. San ba shi da tumbi ko kaɗan, cikinsa a ɗame yake. Na zaro tef zan auna shi, ya juyo ya yi wani huci, sai ga ni a bayan Mamman ban san lokacin da na isa can ba.

"Wannan ai ƙashi ne," na ce daga inda nake. "Gida goma sha huɗu fa. Me za a kasa a nan?"

"Malam, san nan a cure yake," in ji Mamman. "Sai an fiɗe za ka gani."

Nan take wani zargi ya ɗarsu a raina. Mai farar rigar nan ya yi gargaɗin cewa masu sayarwa kan ɓoye na kirki su fito da na banza, kuma mahauta kan haɗa baki da su. Na ce musu ina zuwa, na zaga bayan bukkoki ni kaɗai. Can kuwa, a ƙarƙashin wata rumfar kara, sai na gani. Dabba ce fara mai baƙin kunne, a kwance tana tuƙa, an zuba mata harawa a gabanta. Ƙahoninta sun fi na kowa. Kwiɓinta ya cika ya batse ta hagu da dama, fatarta na sheƙi, ga natsuwa. Na fito da takardata, duk alamomin huɗu suna nan cif. Zuciyata ta ce, ka kama su.

Na ɗaga murya na kira su. Suka zo, har da wasu matan rugar da ke wanke ƙwarya a gefe suka ɗago kai.

"Ga abin da muka zo nema," na ce. "Wannan san nake so."

Malam Buba ya dubi Mamman, Mamman ya dubi ƙasa.

"Malam," in ji Malam Buba a hankali, "wannan ba sa ba ne."

Na dubi ƙahonin. A littafin da nake koyarwa da shi, saniyar da ke cikin hoton ba ta da ƙaho, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina saniyar wace ƙasa ce aka ɗauka ba. Kaina ya ɗan juya, amma na yi maza na dafe.

"Na sani mana. Baki ne ya suɓuce. Ai naman mace ya ma fi taushi. Ita za mu yanka."

"Yankawa?" Muryarsa ta canza. "Wannan? Kana ganinta kuwa, Malam?"

"Sarai nake ganinta. Shi ya sa na zaɓe ta."

"Subhanallahi," ya ce, ya ja da baya taku ɗaya yana dubana kamar yau ya fara ganin irina.

Na waiwayi Baba ina neman alamar yabo. Yana tsaye ya ba ni gefe, idonsa a kan gawon nan. Sai ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "A faɗa wa Malam rana tana yi." Na ɗauka nufinsa in yi sauri in kammala cinikin. Mamman ya kamo hannun rigata ya ce, "Malam, zo mu ɗan koma gefe, magana ɗaya zan faɗa maka." Na fizge. A raina na ce, wato ka ga asirinku zai tonu.

"Ba ta sayarwa ba ce," in ji Malam Buba.

Wannan ma mai farar riga ya faɗa. Na yi dariyar wanda ya san kan ciniki, na ce ya faɗi abin da yake so, za mu ƙara a kan na san. Ya girgiza kai. Na sake ƙarawa, ba tare da na tambayi masu watandar ba. Ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah." Nan fa na rikice gaba ɗaya. Ni da na zo sayen halal da rana tsaka, da azumi a bakina, ina maganar tsoron Allah ta shigo? Na dubi matan, sun daina wanke ƙwarya, ɗaya ta rufe baki da mayafi. Na dubi Baba, ya koma kallon wata bishiyar daban. Na rasa gane ko burge su na yi, ko haushi suke ji don na gano abin da suka ɓoye.

Abin da malami yake yi idan aji ya rikice masa shi ne ya ƙara bayani. Shi na yi. Na matsa kusa da saniyar, na tattare hannun shaddata, na fara. Na faɗa musu cewa cikin saniya ɗaki huɗu ne, na lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Na ce dabbar da ta ci abinci mai kyau, a kwiɓi ake ganewa. Na ce su dubi wannan cika, su kwatanta da wancan ramammen da ke turke. Sannan na ɗaga hannu na bubbuga gefen cikinta, na ce da ƙarfi yadda har na bayan bukka za su ji:

"Wannan da kuke gani, tsoka ce zalla!"

Sai wata tsohuwa ta ajiye ƙwaryarta ta miƙe. Goggo Dije ce, yayar Malam Buba, irin tsofaffin nan da shekaru suka ba su izinin faɗin abin da kowa ke jin nauyinsa. Ta yi wa saniyar wata 'yar magana da Fulatanci, saniyar ta yunƙura da ƙyar ta miƙe. Tsohuwar ta kama wuyan hannuna, ta ja ni zuwa ɓangaren dama, ta ɗora tafina can ƙasan kwiɓi.

"Danna, ɗana. Yawwa. Tsaya nan, kar ka cire."

Na tsaya. Ban san me nake jira ba. Har na fara tunanin wata hanyar gwada nama ce ta gargajiya da zan ƙara a takardata. Sai na ji wani abu mai tauri ya taso daga ciki ya shuri tafin hannuna. Na ce ko azumi ne ya fara taɓa ni. Ya sake shurina, wannan karon har sai da na ga fatar ta motsa da idona. Na daka tsalle baya, takalmina ya faɗa cikin kashin shanu.

"Goggo," na ce, "naman yana motsi!"

"Zai ma yi tafiya," ta ce, "nan da sati biyu in Allah ya yarda."

Ka san akwai lokacin da magana kan shiga kunne ta tsaya a ƙofa, ta ƙi ƙarasawa. Na tsaya baki buɗe. Na dubi cikin, na dubi hantsar da ta cika ta yi nauyi a ƙasa, wadda tun ɗazu take nan ban ko kalle ta ba, na dubi rumfar da aka yi mata ita kaɗai da harawar da ke gabanta. A hankali komai ya haɗu. Ashe rabin awa na yi ina matsa wa bawan Allah ya sayar mini da saniya mai tsohon ciki in yanka wa mutane ranar jajiberi.

Da a nan abin ya tsaya da na gode Allah. Amma Goggo Dije ba ta gama ba. Ta ƙare mini kallo tun daga hula har takalmin da ya ɓaci.

"Ba kai ne mijin Rabi ba? Na ji ita ma ta yi nauyi. To ita ma ƙiba ka ɗauka ta yi?"

A gaban mahaifinta. A gaban mutumin da ko sunan 'yarsa ba ya kamawa idan ina wajen. Na ji kunnuwana sun ɗauki zafi, na yi addu'ar ƙasa ta tsage. Baba ya juya baya gaba ɗaya, ya janyo gefen babbar rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza. Na shiga uku, na ce a raina, na sa dattijo kuka. Sai da Mamman ya zube a ƙasa yana riƙe ciki, yana cewa "Wayyo azumina," sannan na gane abin da ke girgiza kafaɗun Baba.

Malam Buba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ajiyar zuciya ya yi, ya zo ya kama hannuna da hannu biyu.

"Alhamdu lillahi, ashe rashin sani ne. Wallahi Malam na ɗauka mugunta ce, har raina ya ɓaci. Ka yafe ni." Sannan ya tambaya da zuciya ɗaya, "An ce kana koyarwa a Karaye. Me kake koya wa yaran?"

Mamman ne ya amsa daga ƙasa, da ƙyar, yana share hawaye.

San nan na turke dai shi aka ɗauka. A wajen sallama na ji Malam Buba yana cewa tun watan Sha'aban da Baba ya zo ya nuna shi ake ba shi kulawa ta musamman. Wato an gama zaɓe tun kafin in fara kallon bidiyo. An dai kawo ni ne in nuna shi da yatsa, a ce Malam ne ya zaɓa, a fita kunyata a gaban jama'a. Wannan ya fi shurin ɗan maraƙin yi mini ciwo, don a nan na gane irin karar da dattijon ya so ya yi mini, ni kuma na sa ƙafa na shure.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Rabi zaune a kan tabarma, fuskarta ba yabo ba fallasa. Na zauna kusa da ita. Can sai ta kamo hannuna ta ɗora a cikinta, ta ce, "Malam, duba mini, tsoka ce?" Ta yi dariya har sai da na ji tsoron kada haihuwar ta zo. Ni kuwa ƙwalla ce ta cika mini ido. Na ce mata gobe zan wuce Kano in yi Sallah a can, ba zan iya haɗa ido da kowa a Kurugu ba.

Ta daina dariya. "Idan ba ka je watandar nan ba, Baba zai ɗauka fushi ka yi da shi. Suna kam ya riga ya zauna, ko ka je ko ba ka je ba. Gara ka je."

Ranar jajiberi da hantsi na je, na raɓe can bayan mutane. An yanka san a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidan Baba, Mamman ya fiɗe. Abin da na kira ƙashi sai ga shi nama ja wur, a cure, har tabarmin da aka shimfiɗa suka yi kaɗan. Aka kasa kashi goma sha huɗu, kowanne da tsokarsa da ƙashinsa da hanta da tumbi da ganda. Duk wanda ya wuce ta kusa da ni sai ya ce, "Malam, sannu da zaɓe," ya yi gaba da sauri.

A watandarsu ba wanda ke ɗaukar kashin da ya ga dama. Mutum ɗaya ake sa ya juya baya ya fuskanci bango, Mamman ya ɗora wuƙa a kan kashi ya ce "Na wa?", shi kuma ya ambaci gida. Ta haka ba mai cewa an fifita wani. Ba kowa ake ba aikin ba, sai wanda jama'a suka yarda ba zai saci kallo ba. Tsohon da ya saba yi ya rasu bayan babbar Sallah, don haka aka tsaya ana duban juna, kowa yana jiran Baba.

Baba ya miƙe. Ya ratsa mutane ya nufo inda nake. Na duba bayana ko akwai wani, babu kowa sai bango. Ya tsaya a gabana, ya dube ni, ni ɗin nan, cikin ido.

"Malam, taso. Kai za ka juya mana baya."

Ya dafa kafaɗata da hannunsa ya kai ni gaban bangon, sannan ya waiwayi jama'a.

"Ban taɓa ganin wanda ya dace da aikin nan kamarsa ba. Ko ya waiwayo ba abin da zai gane."

Dariyar da aka yi har matan cikin gida sai da suka leƙo. Ni kuwa ina fuskantar bango, kunya ta ishe ni, amma wani daɗi ya cika mini ƙirji. Shekara biyu ina jiran ya yi mini magana, ga ta ta zo, kuma hannunsa bai bar kafaɗata ba sai da Mamman ya ce "Na wa?" na farko. Na kira gida goma sha huɗu ban yi kuskuren ko ɗaya ba.

Saniyar ta haihu kwana goma sha ɗaya bayan Sallah, namiji. Malam Buba ya aiko a faɗa mini, ya ce sun sa wa maraƙin suna Malam. Rabi ma ta sauka lafiya da damina, mace. A aji kuwa, yanzu idan na zana saniya na gama ɗakuna huɗun nan, sai in ƙara wani a ɓangaren dama, in ce wa yara wannan ba ya fitowa a jarrabawa amma shi ya fi muhimmanci.

Abin da na koya bai da yawa. Idan dattijon da ba ya yi maka magana ya ce a faɗa maka rana tana yi, to ba zancen rana yake ba, ka rufe bakinka. Sallah biyar ke nan ina juya wa nama baya a Kurugu, ba a taɓa samun ƙorafi ba. Bara na ɗan gwada sa'ata, na ce wa Baba ko bana zan raka su Beli. Ya dube ni ido da ido, kamar yadda yake yi yanzu, ya ce, "A'a Malam, bangon nan ba shi da kowa sai kai."